Samarin Manchok Da Haɗa Wutar Lantarki Mai Ƙarfi: Gwaninta Da Hatsarinta

Duk wanda ya ratsa garin Manchok, da ke Ƙaramar Hukumar Kaura ta Jihar Kaduna, ko ya zaga cikin Kafanchan, ba zai rasa ganin rumfunan masu gyaran rediyo da talabijin ba, inda yara 'yan koyo ke zaune suna tsince-tsince cikin matattun kayayyaki. Wannan yanki kuwa ba baƙon aikin ƙarfe ba ne, gama tun 1927 Kafanchan ta zama mahaɗar jiragen ƙasa. To amma yau hankalin samari ya koma kan lantarki, kuma abin da ya fi burge su shi ne fitar da tartsatsi mai ƙara daga ɗan ƙaramin batir.

Kayan aikin ba su da wuyar samu. Akwai faifan nan na kashe sauro, wanda batirinsa bai wuce bolt 4 ba, amma yakan fitar da wajen bolt 2,000 a kan ragarsa. Akwai kuma taransifomar tsohon talabijin mai ƙeya, wadda ke kaiwa wajen bolt 25,000. Da yaro ya sami biyu ko uku, sai tunani ya zo masa: in na haɗa su, ai ƙarfin zai ninku. A nan fa ake yin ta.

Bolt Da Amfiya

Domin masu karatu su fahimta, bari mu yi misali da ruwan Matsirga da ke kusa da Kafanchan. Tsawon dutsen da ruwan ke faɗowa daga kansa shi ne kamar bolt, watau ƙarfin turi. Yawan ruwan da ke zubowa kuwa shi ne kamar amfiya. Tsawon dutsen ɗaya ne rani da damina, amma kowa ya san lokacin da ruwan ke iya tafiya da mutum. Haka lantarki yake: bolt ke huda fata ya buɗe hanya, yawan wutar da ta ratsa jiki ita ke kisa. Kashi 30 cikin 1,000 na amfiya ɗaya, in ya bi ta ƙirji ya ɗan jima, ya isa ya rikita bugun zuciya.

Hanyoyin haɗawa biyu ne. Ta farko ita ce haɗin jere, kai da wutsiya, kamar taragun jirgi. A nan bolt ke taruwa: 2,000 da 2,000 su ba da 4,000. Sai dai kowace taransifoma an naɗe wayarta da rufi gwargwadon nata ƙarfin kaɗai. In an jera su, musamman a kan batir guda, sai ta ƙarshe ta ɗauki nauyin da ba a yi ta dominsa ba, wuta ta huda rufin ta komo ta wajen batir da makunni, daidai inda yatsan yaro yake.

Ta biyu ita ce haɗin kafaɗa da kafaɗa, kamar shanun huɗa. A nan bolt ba ya ƙaruwa, amfiya ce ke ƙaruwa. Amma da wuya a sami na'urori biyu masu ƙarfi daidai wa daida, saboda haka mai ƙarfin ce ke ɗaukar kayan duka, ko ta tura wuta cikin 'yar'uwarta har ɗaya ta ƙone. Masana sukan sa dayod da rasista a bakin kowace domin raba nauyin. Ko da haɗin ya yi kyau, sai a tuna an ƙara wa abin da ke kisa yawa ne.

Masu ilmin abin sun daɗe da samun wata dabara. A 1932, a Jami'ar Kambirij ta Ingila, John Cockcroft da Ernest Walton sun jera dayod da kondansa hawa-hawa kamar tsani, suka ninka wutar taransifoma guda har suka farfasa ƙwayar zarra, aikin da ya jawo musu lambar Nobel a 1951. Ƙaramin irin wannan tsani ne ke cikin faifan sauro.

Inda Ajali Ke Ɓuya

Abu biyu ya kamata kowane ɗan koyo ya riƙe. Na ɗaya, kondansa tana riƙe wuta bayan an kashe na'ura, don haka cire batir ba ya nufin an tsira. Sai an zubar da wutar ta rasista, an kuma auna. Na biyu, taransifomar na'urar ɗumama abinci ba abin wasa ba ce. Bolt ɗinta wajen 2,000 ne kamar na faifan sauro, amma amfiyarta ta ninka abin da ke kashe mutum sau da yawa, ta kuwa hallaka masu gwaje-gwaje a ƙasashen waje.

Har ila yau, busasshiyar iska takan tare wajen bolt 3,000 ne kawai a tazarar milimita ɗaya, watau ba sai an taɓa waya wuta ke tsallakowa ba. Ga kuma damina mai tsawo a wannan yanki na gindin duwatsun Kagoro, lokacin da laima ke kama katako da daɓe, gumi ya jiƙa hannu. Saboda haka a sa takalmin roba, a yi aiki da hannu ɗaya, kada kuma a yi shi a kaɗaice. In wuta ta kama wani, a kashe ta tukuna, ko a ture shi da busasshen itace.

Ba muna cewa a hana yaran nan ba ne, gama daga irin rumfunan nan injiniyoyi ke fitowa. Kiranmu ga iyayen gida masu koyarwa da malaman kimiyya na makarantu shi ne su fara koya wa yaro auna wuta da zubar da ita kafin su bar shi ya haɗa ta. Rigakafi dai, in ji Hausawa, ya fi magani.