Masu Farautar Tagulla a Gindin Gada

A Amurka akwai mutanen da idan Asabar ta yi sai su ɗauki burushi da tef ɗin awo da 'yar takarda, su nufi wata tsohuwar gada a bayan gari. Abin da suke nema wani ɗan faifan tagulla ne, faɗinsa kamar santimita 9, wanda safiyo ya dasa cikin kankare tun kafin a haifi yawancinsu.

Faifan nan shaidar awo ce. An auna tsayin wurin daga doron teku, an rubuta an ajiye, don duk injiniyan da zai shimfiɗa titi ko ya haƙa magudana ko ya zana taswirar ambaliya ya san inda zai fara lissafi. Aikin ya samo asali a 1807, lokacin da Shugaba Thomas Jefferson ya sa hannu a dokar auna gaɓar tekun ƙasar. Hukumar da ta gaji aikin a yau ita ce NGS, kuma alamomin da ke cikin kundinta dubban ɗaruruwa ne.

To, me ya haɗa su da gada? Ƙasa ba ta zama wuri ɗaya: sanyin hunturu ya daskarar da ita ta kumbura, laka ta lotsa. Gindin gada kuwa an kafa shi can ƙasa inda ba ya motsi. Shi ya sa galibi ake dasa faifan a kafaɗar gada ko a bangon da ke tare ƙasa a gefenta, nesa da tsakiya inda manyan motoci ke girgiza ta. Wani lokacin ma babu faifai, sai wani ɗan murabba'i da aka sassaƙa a jikin siminti, wanda sai mai ido ke ganinsa.

Daɗin abin yana wajen karatu. Idan aka goge tsatsa da gansakuka, sunan hukumar zai bayyana, ta tarayya ce ko ta hanyoyin jiha, sai lambar alamar da shekarar da aka dasa ta. Alwatika a tsakiya na nufin an auna matsayin wurin a taswira. Kibiya kuwa nuni take yi zuwa babbar alamar da ke kusa. Tsofaffin suna ɗauke da gargaɗin tarar dala 250 ko ɗauri ga wanda ya taɓa su. Kowace alama da ke kundin NGS tana da lambarta, haruffa biyu da alƙaluma huɗu, da takardar kwatance. Sai dai kwatancen da aka rubuta a shekarun 1930 yakan ce a auna daga tashar jirgin ƙasa ko daga wata bishiya, alhali tashar ta rushe, bishiyar ta zama itacen girki. A nan ake gane mai haƙuri.

Wannan sha'awa ta cancanci yabo, domin tana da amfani na gaske. Ana rushe tsofaffin gadoji ana gina sababbi, alamomi suna tafiya tare da ɓaraguzai, hukuma kuma ba ta da ma'aikatan da za su zagaya ko'ina. Saboda haka NGS tana karɓar rahoto daga kowa: an samu alamar lafiya lau, ko ta lalace, ko ba a gan ta ba. Safiyon da ya karanta rahoton ya huta da yinin nema a banza. Shafin Geocaching, wanda ya jawo jama'a da yawa cikin harkar, ya rufe sashensa na neman waɗannan alamomi a 2023, amma ƙofar rahoton NGS tana nan a buɗe.

A Birtaniya alamar sassaƙe take a jikin dutse: layi a kwance, kibiya a ƙarƙashinsa. Hukumar Ordnance Survey ta yi kusan 500,000 a bangon coci da gidaje da gadoji. Ta daina kula da su tun da awo ya koma hannun tauraron ɗan'adam, kuma masu sha'awa ne yanzu ke bin su ɗaya bayan ɗaya suna ɗaukar hoto.