MASANA'ANTA DA GONA: WA ZAI ƊAUKI WANI?

Manoma da 'yan kasuwa, yau zancenmu a kan gardamar da ake ta yi ne game da masana'antu. Waɗansu sun ce lalle Gwamnati ta tsare masana'antun gida, ta hana fitar da amfanin gona ɗanye, don a sarrafa shi a nan, samarinmu su sami aiki. Waɗansu kuwa sun ce a bar kasuwa ta yi halinta. To, mu da ke noma a ƙasar Bichi da Ɗambatta da Minjibir, gyaɗa ta riga ta ba mu darasi.

Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama kuɗin talaka. A 1949 aka kafa hukumar sayen gyaɗa, a 1954 kuma aikin ya koma hannun hukumar Jihar Arewa. Ita ke yanka farashi kowace kaka, wakilanta su saya, ta sayar a Turai. Sau da yawa abin da ake ba manomi bai kai na kasuwar duniya ba. Rarar kuwa ta shiga ayyukan raya ƙasa, har da kafa masana'antu. Watau dai manomi ne ya ɗauki masana'anta a kansa.

Ina aka kwana? Da farashi ya ƙi daɗi, mutane suka fara ja da baya. Fari ya zo a 1973, kuturtar gyaɗa ta biyo a 1975, dalar gyaɗa ta ɓace, injunan matsar mai na Kano suka rasa abin matsa. A 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona.

Maganar ba ta mutu ba. A watan Agusta na 2025 Gwamnatin Tarayya ta hana fitar da ƙwarar kaɗanya ɗanya na wata shida, don masu injin man kaɗe su samu. Nan da nan farashi ya faɗi, asarar ta sauka kan matan da ke tsintarta.

Ba a ce masana'anta ba ta da amfani ba. Mai da ƙuli-ƙuli sun fi gyaɗa ɗanya tsada, ko matanmu na cikin gida sun san haka. Amma in za a taimaki mai inji, a taimake shi da wutar lantarki da hanya da rance, kada a taimake shi da karya farashin manomi. Inji ba ya cin takarda, sai abin da gona ta ba shi.

Namu aikin kuwa shi ne mu shuka da wuri, mu matse shuka don rage kuturta, mu nemi irin Samaru mai jure mata. Mu busar sosai, mu haɗa kai mu sayar a dunƙule, gama tsintsiya ɗaya ba ta shara.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.