Dokin da ba ya shan esansi

Tsakanin Miriya da Damagaram kilomita 18 ne, bisa babbar hanyar gudro wadda ta taso daga Yamai ta nufi Diffa. Kowace safiya mutane na bin hanyar nan zuwa birni neman abinci. Akwai magina da leburori, akwai masu garka da ke kai salati da tumatir kasuwa, akwai ƴan lakwal. Wasu a mota, wasu a moto, wasu a amalanke, wasu a ƙasa. A cikinsu akwai masu keke, kuma su ne ba a kulawa da su. Mai moto ya wuce su ya bar su da ƙura. Amma in wata ya ƙare aka zauna lissafi, sau da yawa aljihun mai keke ya fi nauyi.

Zamanin gyaɗa, keke abin alfahari ne. Manomin da ya sayar da gyaɗarsa da daraja yakan sayi Raleigh ta Ingila ko Peugeot ta Faransa, ya naɗe ta da roba mai launi, ya sa mata madubi da ƙararrawa. Daga baya Phoenix ta ƙasar Sin ta shigo, mai ƙarfi, mai ɗaukar kaya. Da motocin hawa masu ƙafa biyu suka yi araha, sai samari suka juya ma keke baya. Har ta kai wasu na jin kunyar a gan su bisa keke, wai abin yara ne ko na wanda ba shi da hali.

Lissafin hanya

Mai tafiya a ƙasa, in ya saki ƙafa, yakan yi kilomita 5 a awa guda. Daga Miriya zuwa Damagaram sai ya yi awa uku da rabi ko huɗu. Zuwa da komowa, yini ya tafi, ba a yi aikin komi ba. Mai keke, ba tare da ya wahalar da kansa ba, yakan yi kilomita 12 zuwa 15 a awa. Ke nan cikin awa guda da rabi ya isa. In ya tashi ƙarfe shida, ƙarfe bakwai da rabi yana bakin aiki.

Mai moto ya fi shi sauri, babu gardama. Cikin rabin awa ya kai. Sai dai saurin nan saye ake. Zuwa da komowa kilomita 36 ne, kuma ƙaramar moto da kaya a baya takan sha kusan litir guda. A watan Yuli na 2024 gwamnati ta rage kuɗin litir na esansi zuwa tamma 499, wato dala ɗari ba tamma guda. In mutum yana zuwa aiki kwana 26 a wata, esansi kaɗai ya ci kusan jika 13. Ba a sa kuɗin baƙin mai ba, ba a sa na bakanike ba. Albashi mafi ƙanƙanta da doka ta yanke ma ma'aikaci tun farkon 2024 jika 42 ne. Wanda ke ɗaukar wannan albashi, in yana wannan tafiya da moto, kusan kashi ɗaya cikin uku na guminsa hanya ta cinye. Kuɗin esansin wata uku ko huɗu na iya sayen keke na hannu mai lafiya, wanda zai yi shekaru yana aiki.

Kuma esansi ba kullum ake samunsa ba. Shekara da shekaru, mutanen kudancin ƙasa sun saba da man Najeriya, wanda ƴan ruwa-ruwa ke sayarwa cikin kwalabe a bakin hanya. Arahar man nan daga tallafin gwamnatin Najeriya ta fito. Ranar 29 ga watan Mayu na 2023 shugaba Bola Tinubu ya ce tallafi ya ƙare, cikin ƴan kwanaki kuɗin mai can ya ninka kusan sau uku. Kwalabe suka yi tsada, kowa ya koma ga man gida. Matatar SORAZ, wadda aka buɗe a 2011 arewa da Damagaram, an gina ta don ta tace ganga 20.000 a yini. Da buƙata ta yi mata yawa, a watan Maris na 2025 aka shiga ƙarancin esansi, masu moto da ƴan kabu-kabu suka yi ta bin dogon layi a gidajen mai. A kwanakin nan mai keke bai tsaya layin kowa ba. Hurarsa ya sha ya kama hanya.

Ba kowace tafiya ce ta keke ba. Mace mai naƙuda ko wanda maciji ya sara, abin da ya fi sauri ake nema a kai shi likita. Buhu biyar na hatsi aikin amalanke ne. Kilomita 18 ma, gaskiya, ya kusa iyakar abin da mutum zai iya yi kullum safe da marece sa'an nan ya yi aikin ƙarfi tsakani. Inda keke ya fi kowa shi ne tafiyar kilomita 3 zuwa 12: daga ƙauye zuwa garka, daga gida zuwa lakwal, daga unguwa zuwa wurin aiki.

Rana da iska

Mutumin Miriya da ke aiki a birni yana da wata sa'a. Miriya na gabas da Damagaram. Da safe ya nufi yamma, rana na bayansa. Da marece ya nufi gabas, rana na bayansa kuma. Ba ta kashe mashi ido, haka ma direban da ke biye da shi yana ganinsa sarai. Wanda ke kwana birni yana aiki Miriya, shi kam rana a fuska zuwa da komowa, sai ya ƙara hankali.

Iska ba ta da wannan kirki. Lokacin ɗari daga gabas da arewa take busowa. Da safe ta tura mai keke har birni, da marece, sa'ad da ya gaji, ta tare shi a ƙirji. Da damina sai ta juya. Lokacin bazara kuwa, watan Afrilu da Mayu, zafi na wuce digiri 40. Mai hankali ba ya hawa keke tsakanin hantsi da la'asar a wannan lokaci, kuma ba ya fita ba gorar ruwa.

Ƙaya da rairayi

Babban abokin gabar keke a ƙasar nan ƙaya ne. Tsidau da ƙayar aduwa da ta farar ƙaya ba su raga ma taya. Wanda bai iya faci ba, wata rana zai tura kekensa kilomita goma cikin rana. Alhali aikin ba wuya. A fidda robar ciki, a ba ta iska, a tsoma ta cikin ruwa. Inda kumfa ke fita, nan ne huda. A share wurin ya bushe, a kankare shi kaɗan, a shafa gam. Kada a yi gaggawar liƙawa, a bari gam ya sha iska har ya bar kama yatsa, sa'an nan a danna faci da ƙarfi. Abin da mutane da yawa ke mantawa shi ne shafa cikin taya da hannu kafin a maida roba. In ƙayar na nan, kafin a yi taki ɗari ta sake hudawa. Famfo da gam da faci da ƙaramin sifana, duka ana iya ɗaure su ƙarƙashin sirdi.

Rairayi kuma sarƙa yake ci. Wasu na tsammani yawan mai shi ne gyara, su tuttula baƙin mai har yana ɗiga. Kuskure ne. Mai da rairayi in suka haɗu sun zama kamar dutsen wasa wuƙa, su cinye sarƙa da haƙoran da take hawa. A goge sarƙa da tsumma, a ɗiga mai kaɗan, a juya feda, a sake gogewa. Bisa gudro taya na son iska sosai. In hanya ta rairayi ce, a ɗan rage, keke ya fi tafiya. Sirdi kuma a ɗaga shi yadda in feda ta sauka ƙasa, gwiwa ta kusa miƙewa. Sirdi gajere shi ke kawo ciwon gwiwa.

Zaman lafiya da manyan motoci

Duk wannan lissafi banza ne in mutum bai komo gida ba. Hanyar Miriya hanyar kamyo ce da motocin dakon mai da manyan motocin fasinja, ga ta ba faɗi. Keke ba shi da ƙarfen da zai kare mai shi. Mai keke ya bi hannun dama, kada ya bi hagu wai don ya ga abin da ke zuwa. In abokai ne, su bi juna ɗaya bayan ɗaya, hira ta jira a sauka. In zai juya, ya waiwaya, ya miƙa hannu. In kamyo biyu za su gamu daidai inda yake, ya sauka daga gudro ya ba su wuri, domin iskar kamyo kaɗai na iya kada mutum.

Hatsari ya fi yawa da magariba da dare. Keke marar fitila, mai shi da baƙar riga, direba ba ya ganinsa sai ya iso kansa. Fitila a gaba, jan madubi mai ƙyalli a baya, da riga mai haske, duka ba su kai kuɗin kwana guda a likita ba. Babbar riga a naɗe ta, kada ta shiga wayoyin ƙafa. Yaron da aka goya a baya a lura da diddigensa. Burki kuwa ba a maye gurbinsa da takalmi.

Keke don nishaɗi

Ba aiki kaɗai keke ke yi ba. Da yawa cikin dattawan yau wurin mai keken haya suka koyi hawa, da ƴan dalolinsu na salla, ana faɗuwa ana tashi. Har yanzu yaro in ya samu keke ba ya jin kiran tuwo. Manya ma suna da rabo. Hukumar lafiya ta duniya na ba da shawara babba ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Manomi da makiyayi sun wuce haka nesa. Amma ɗan kasuwa mai yini zaune a rumfa da ma'aikacin biro, su ne hawan jini da ciwon sukari suka fi yi ma barazana, kuma rabin awa bisa keke da sanyin safiya ko bayan la'asar ya ishe su.

Maƙwabta mutanen Burkina Faso sun ɗauki keke da daraja ƙwarai. Tun 1987 suke shirya tseren keke na zagaya ƙasa, mai suna Tour du Faso. Ana yin kamar kwana goma, a ci fiye da kilomita 1.000, ƴan tsere na zuwa daga Afirka da Turai. A 2023 ɗan ƙasar, Paul Daumont, shi ya zo na ɗaya. Waɗannan samari sukan yi kilomita 40 a awa, wato daga Miriya zuwa Damagaram ba su cika rabin awa ba.

A can keke ba na maza ba ne kaɗai. A Wagadugu da ƙauyukan Mosi, mata na hawa keke da goyo a baya da kayan miya a kwando, su kai kasuwa su komo, ba mai ɗaga ido. A ƙasar Hausa abin bai yaɗu haka ba. Ga shi kuwa yarinyar ƙauye in ta gama lakwal ta fari, sau da yawa kwaleji na wani gari, kilomita 7 ko 10 daga gida. Tafiyar ƙasa ta yi yawa, kuɗin kabu-kabu kullum babu, uwaye kuma ba su son ta zauna gidan da ba nasu ba. Sai karatu ya tsaya nan. Tafiyar kilomita 8 bisa keke minti 40 ne, ta je ta komo ta kwana ɗakin uwarta.