Haiti: Me ziyarar 'yan sa kai ke tsinana wa asibitoci da makarantu?

Shekara da shekaru, ayarin likitoci da ma'aikatan jinya da ɗalibai da 'yan coci daga Amurka da Kanada sun riƙa sauka a Haiti domin aikin sa kai na mako ɗaya ko biyu.

Sukan duba marasa lafiya kyauta, su raba magunguna, su gina azuzuwa, sannan su koma gida.

Haiti, wadda ke tsibiri ɗaya da Jamhuriyar Dominican a yankin Karibiyan, ita ce mafi talauci a nahiyar Amurka, kuma tafiyar kimanin sa'o'i biyu ce a jirgin sama daga birnin Miami.

Kimanin kashi 80 cikin 100 na makarantun ƙasar ba na gwamnati ba ne, na coci-coci ne da ƙungiyoyi da 'yan kasuwa, abin da ya sa da yawansu ke dogara da taimako daga waje.

Yawan masu zuwan ya ƙaru matuƙa bayan girgizar ƙasar ranar 12 ga Janairun 2010, wadda hukumomin ƙasar suka ce ta hallaka mutane fiye da 200,000.

To sai dai masu sukar irin wannan ziyara na cewa amfaninta ba ya ɗorewa.

Likitan da ya yi wa mutum tiyata yau ba ya nan ranar da ɗinkin zai ruɓe, mai hawan jini kuwa da zarar maganin da aka ba shi ya ƙare, sai ya koma gidan jiya.

Akasarin baƙin ba sa jin harshen Kiriyol da jama'a ke magana da shi, sai da tafinta. Haka kuma idan baƙi suka gina aji kyauta, magina 'yan ƙasa ne ke rasa aikin.

Lamarin ya fi muni a gidajen marayu. Wani rahoto da ƙungiyar Lumos ta fitar a 2017 ya ce yara kimanin 30,000 ne ke irin waɗannan gidaje, kuma kusan kashi 80 cikin 100 nasu na da uwa ko uba a raye.

A cewar ƙungiyar, kuɗin da baƙi ke bayarwa na sa wasu su buɗe gidajen, su rarrashi iyaye matalauta su miƙa 'ya'yansu.

A ƙarshen Janairun 2010 ma an kama Amurkawa 10 suna ƙoƙarin tsallaka iyaka da yara 33 ba tare da takardun izini ba.

Akwai waɗanda suka bi wata hanyar dabam. Ƙungiyar Zanmi Lasante, wadda marigayi Dakta Paul Farmer ke cikin waɗanda suka kafa ta a ƙauyen Cange a shekarun 1980, ta fi mai da hankali kan horar da 'yan ƙasa, kuma kusan duk ma'aikatanta 'yan Haiti ne.

A 2013 ta buɗe asibitin koyarwa mai gadaje kimanin 300 a garin Mirebalais.

Taɓarɓarewar tsaro tun bayan kisan Shugaba Jovenel Moïse a Yulin 2021 ta rage ziyarar baƙin ƙwarai.

A watan Oktoban shekarar, 'yan daba sun sace mutane 17 na wata ƙungiyar mishan ta Amurka. A Nuwamban 2024 kuma, Amurka ta hana jiragenta sauka a Port-au-Prince, babban birnin ƙasar, bayan an harbi wasu daga cikinsu.

Shi kansa asibitin na Mirebalais sai da aka kwashe marasa lafiya daga cikinsa a 2025, lokacin da 'yan daba suka afka wa garin.

A yankunan da baƙin suka ƙaurace wa, likitoci da ma'aikatan jinya da malamai 'yan ƙasar ne nauyin ya koma kansu, alhali da dama daga cikin takwarorinsu sun riga sun yi hijira zuwa ƙasashen waje.