Idan hanyar jini ta toshe a ƙafa

A garka, idan hanyar ruwa ta toshe, mukan haƙa wata ta kewaye wurin. Haka likitocin fiɗa suke yi wa ƙafa.

Shan taba da ciwon sukari sukan toshe jijiyar da ke kai jini ƙafa. Ga alamu: sharaɓa tana ciwo in ana tafiya, ƙafa tana sanyi, gyambo ya ƙi warkewa.

Likita yakan yi sabuwar hanya da wata doguwar jijiyar ƙafa, wadda ke mayar da jini sama. A cikinta akwai ƴan ƙofofi masu hana jini komawa ƙasa. Shi ya sa dabara biyu ce. Ta farko, a ciro jijiyar, a juya kanta ƙasa, a ɗinka. Likita Kunlin ya fara wannan a Faransa a 1948. Ta biyu, a bar ta a wurinta, a yanke ƙofofin, a ɗaure rassanta.

Amfaninsu kusan ɗaya ne, kuma sun fi tiyon roba ƙarko, musamman ƙasa da gwiwa.

Amma jinkiri yakan jawo yanke ƙafa. Mu bar taba, mu je asibiti da wuri.