Golan da aka yi wa ta'aziyya da ransa

Ranar Juma'a 8 ga Janairu 2010, saura kwana 2 a buɗe gasar cin kofin Afirka, motar 'yan ƙwallon Togo ta baro Pointe-Noire a Kwango ta tsallaka iyaka zuwa Cabinda, yankin Angola mai arzikin mai. Ba su yi nisa ba 'yan awaren FLEC suka buɗe musu wuta daga cikin daji. Kowa ya nemi ƙarƙashin kujera, har da kyaftin Emmanuel Adebayor. Mataimakin koci Abalo Amelete da jami'in watsa labarai Stanislas Ocloo ba su kai labari ba.

Washegari aka ƙara suna guda cikin mamata: Kodjovi Obilale, gola ɗan shekara 25 da ke tsare wa Pontivy raga, wata ƙaramar ƙungiya a yammacin Faransa. Kafafen labarai suka yaɗa, mutane suka shiga yi wa juna gaisuwa. Ashe yaron yana numfashi. Jirgi ya ɗauke shi zuwa asibitin Milpark a Johannesburg, da harsashin da ya shiga ta ƙugu ya yi ɓarna a ciki, ya kuma taɓa jijiyoyin da ke sarrafa ƙafa. Likitocin Afirka ta Kudu suka yi masa tiyata, suka ceto ran. Ƙafar ce ba su iya yi masa alkawarinta ba.

Wata biyu ya yi a can. A watan Maris aka mayar da shi Faransa, daga bisani ya sauka a Kerpape, cibiyar gashin ƙashi da koyon tafiya da ke bakin teku kusa da Lorient. Cibiyar ta ƙungiyoyin inshorar haɗin gwiwa ce, masu kama da adashi: kowa na zuba nasa yana lafiya, wanda tsautsayi ya faɗa wa shi ke kwasa. Galibin masu kwanciya a irin wannan wuri ba harsashi ya kai su ba. Mota ce ko babur, ko faɗowa daga gini, ko shanyewar ɓarin jiki.

Wanda bai taɓa jinyar mai rauni a laka ba yana zaton tiyata ce babban aiki. Tiyata awoyi ce. Abin da ke biyo baya shi ke cin watanni: a juya majiyyaci kada gyambo ya fito masa a baya, a lanƙwasa gwiwa a miƙe ta kullum kada ta sandare, a tayar da shi zaune kansa na juyawa, a tsayar da shi tsakanin ƙarafa biyu ya ɗora nauyinsa a hannu, sannan taku ɗaya, sannan biyu. Mutumin da sana'arsa tsalle ce da shawagi a bakin raga ya koma koyon tashi daga gado zuwa keken guragu. An sake yi masa tiyata ba sau ɗaya ba. A ƙarshe ya miƙe a kan sanduna biyu, ƙwallo kuwa shi da ita har abada.

Duk kwanan da ya yi a gadon nan kuɗi ne, kuma a nan labarin ya yi ɗaci. Obilale ya sha faɗa wa 'yan jarida cewa hukumomin ƙwallon da ya je wa aiki sun manta da shi. Ita hukumar ƙwallon Afirka, CAF, a ƙarƙashin Issa Hayatou, matakin da ta fara ɗauka shi ne dakatar da Togo daga gasa 2 da tarar dala 50,000, wai don gwamnati ta kira 'yan wasanta gida bayan harin. Sai a watan Mayu aka janye dakatarwar, bayan shugaban FIFA na lokacin, Sepp Blatter, ya shiga tsakani. Daga baya FIFA ta ba Obilale dala 100,000. Kyauta ce, ba haƙƙin da wata takarda ta wajabta ba, kuma mai jiran kyauta ba ya da bakin tambayar yaushe. Sai a 2012 FIFA ta fito da inshorar da ke biyan ƙungiya idan ɗan wasanta ya ji rauni a wasan ƙasa. Ba harsashin golan Pontivy ne ya matsa aka yi ta ba. Manyan ƙungiyoyin Turai ne suka tayar da jijiyar wuya, musamman Bayern Munich bayan Arjen Robben ya dawo mata daga gasar duniya ta 2010 da ciwon cinya.

Yana can yana fama da sanduna, sai ga wani mugun labari daga gida. Ranar Asabar 26 ga Nuwamba 2011, Etoile Filante ta Lome, ƙungiyar da yake ciki lokacin da Togo ta tafi da shi gasar duniya ta 2006 a Jamus, ta kama hanyar Sokode don karawa da Semassi. A Glei, kudu da Atakpame, taya ta fashe, motar ta wuntsila cikin kwazazzabo ta kama da wuta. Aƙalla mutum 6 suka rasu, ciki har da Charles Balogou, tsohon golan ƙasa. Shugaba Faure Gnassingbe ya ba da umarni a kwashe waɗanda suka jikkata zuwa Lome. Mutanen Sokode suka yi ta jiran baƙin da ba su iso ba.

Hanyar da ta cinye su ita ce lamba 1, wadda ta tashi daga tashar jiragen ruwan Lome ta ratsa Sokode, ta haura duwatsun Aledjo, ta wuce Kara da Mango da Dapaong har Cinkasse a bakin iyakar Burkina Faso. Tirelolin Wagadugu da Yamai, motocin fasinja, 'yan babur ɗin haya, duk a kanta suke gogayya. Ɗan kasuwar zangon Sokode ko mai kai albasa daga Dapaong, in ta rutsa da shi, babu shugaban ƙasar da zai aiko da motar asibiti.

Amma ba a bar shi hannu rabbana ba, in ya san abin da doka ta ba shi. Togo na bin dokar inshora ta CIMA tare da Nijar da Benin da Burkina Faso da sauran ƙasashen sefa. Ta wajabta wa mai mota inshorar abin da zai jawo wa wasu, ta kuma ɗora wa kamfanin kuɗin jinyar wanda aka raunata, ko ya biya asibiti kai tsaye ko ya mayar wa mutum abin da ya kashe in ya kawo rasit. Motar da ta shigo daga Najeriya ko Gana tana tafe da katin inshorar ECOWAS mai ruwan ƙasa, wanda aka amince da shi tun 1982, hedikwatarsa ma a Lome take. Sai dai duk wannan yana rataye ne a kan takardar 'yan sanda ko jandarma ta ranar hatsarin. Mu kuwa mun fi son a sasanta a bakin titi. Dattawan tasha su taru, direba ya ce a yi haƙuri tsautsayi ne, ya miƙa jaka 20 ko 30, a ɗauki mai karaya a kai shi gidan maɗori. Maɗori gwani ne a karayar da ba ta da rikici. Ƙashin baya da jijiya ba fanninsa ba ne, kuma ba ya ba da rasit. Ranar da aka gane ƙafa ta ƙi, babu takarda, direba ya yi nisa.

Wuraren gashi kuma akwai su kusa, ko da ba su kai Kerpape kayan aiki ba. Cibiyar CNAO ta Lome mai haɗa ƙafar roba da takalmin ƙarfe tana da takwarori na yanki a Sokode da Dapaong, a Bombouaka kuma akwai cibiyar Don Orione ta masu naƙasa. Abin da ke katse jinya ba nisan wuri kaɗai ba ne. Kuɗin zuwa yau da gobe ne, ga mai neman abincin gida a kwance.

Shi kuwa Obilale ya zauna a Lorient. Ya samu aiki da ƙungiyar Remise en Jeu, wadda ke amfani da ƙwallo wajen jawo matasan da suka bar makaranta su koma kan hanya, a 2015 kuma ya fitar da littafin tarihin rayuwarsa. Ranar 7 ga Janairu 2020, saura kwana guda harin ya cika shekara 10, CAF ta gayyace shi Hurghada a Masar ta ba shi lambar yabo ta musamman. Hayatou ya bar kujerar tun 2017.