Busar da ɗanyen itace a maikurowef: abin da dabarar ke iya yi

A Amurka da Ingila da Ostareliya akwai masassaƙa masu aiki da injin da ke juya gungumen itace, su kuma suna kara masa ƙarfe mai kaifi suna fere shi har ya zama akushi ko kofi. Yawancinsu sun fi son ɗanyen itace, domin yana yankuwa cikin sauƙi, ba ya dakushe ƙarfe da wuri, ba ya tayar da ƙura. Rigimar takan zo bayan an gama ferewa, lokacin da akushin ya fara bushewa, ya karkace ko ya tsage. Shi ya sa wasu daga cikinsu ke sanya shi a maikurowef, tandar lantarkin nan da ake ɗumama abinci a cikinta. Mai jin labarin karon farko kan ɗauka ganganci ne. A ganina dabara ce mai tushe, muddin an gane cewa lokaci kawai take ragewa, ba ta sauya halin itace.

Ruwan da ke cikin ɗanyen itace iri biyu ne. Akwai wanda ke kwance a ramukan ƙwayoyin itacen, shi ke fara fita, kuma fitarsa ba ta rage girman komai. Akwai wanda ke maƙale a jikin bangon ƙwayoyin, kuma sai danshi ya sauka ƙasa da kimanin kashi 30 cikin 100 na nauyin busasshen itacen ne wannan ke fara fita. Daga nan itace ke soma tsukewa, kuma ba ya tsukewa daidai ta kowane gefe. Ta tsawonsa kusan ba ya raguwa, amma ta kewayen zobban shekarunsa yana raguwa kusan ninki biyu na yadda yake raguwa daga cibiya zuwa ɓawo. Idan aka bar gungume a iska, bayansa ke fara bushewa yana neman tsukewa alhali cikinsa na nan jiƙe da girmansa. Bayansa ya ja, cikinsa ya ƙi bi, sai tsaga ta buɗe.

Tsohuwar hanyar kauce wa wannan ita ce ferewa sau biyu. Ana raba gungumen a cire cibiyarsa, inda tsaga ta fi farawa, a fere akushi mai kauri, bangonsa kamar kashi ɗaya bisa goma na faɗinsa. Akushi mai faɗin santimita 20 ke nan sai a bar masa kaurin santimita 2. A shafe shi da kakin zuma ko a naɗe a takarda, a ajiye watanni, sannan a mayar da shi kan inji a gyara zagayensa. Ga katako kuwa, lissafin da masu sana'ar suka saba yi shi ne shekara guda ga kowane inci na kauri.

Abin da maikurowef ke kawowa shi ne zafi da ke shiga cikin itacen kai tsaye. Igiyoyinta, masu kaɗawa sau biliyan 2.45 a daƙiƙa, suna motsa ƙwayoyin ruwa har zurfin 'yan santimitoci, saboda haka tsakiyar bangon akushin kan ɗumama tare da bayansa, tururi ya riƙa turo danshi waje. Tazarar da ke tsakanin jiƙaƙƙen ciki da busasshen baya, wadda ita ce uwar tsaga, sai ta ragu. Aikin kansa na haƙuri ne. Ana auna akushin a sikeli a rubuta nauyin, a sa shi a mafi ƙarancin wuta na minti ɗaya ko ƙasa da haka, a fitar da shi da ɗumi wanda hannu zai iya riƙewa, a bar shi ya huce sarai, a sake aunawa. Mafi yawan ruwan ma a lokacin hucewar yake fita. Haka za a yi ta maimaitawa har nauyin ya daina sauka. Akushi mai kilo ɗaya da danshinsa ya kai kashi 60 zai zubar da ruwa fiye da giram 300 kafin ya sauko kashi 10, kuma ba ido ne zai shaida hakan ba, sikeli ne.

Masu suka sukan ce abin na jawo gobara, kuma suna da hujja. Idan ruwa ya ƙare a wani lungu na itacen aka ci gaba da ba shi wuta, yakan fara cin wuta daga ciki alhali bayansa lafiya lau, har ya ci gaba da ci bayan an fitar da shi. Amma wannan sakamakon gaggawa ne, na wanda ya ƙure wuta ko ya tafi ya bar tandar. Wanda ya tsaya a kanta, yana rage daƙiƙoƙin yayin da akushin ke ƙara sauƙi, yana dakatawa da zarar ya ji ƙauri, ya rufe wannan ƙofar. Ƙusa ko waya da ta nutse a jikin bishiya ita ma haɗari ce, dole a duba. Kuma tandar da aka busar da itace a ciki bai kamata ta koma kicin ba, domin wari da man wasu itatuwa kan kama jikinta.

Sukar da ta fi nauyi ita ce cewa akushin zai karkace ko ta yaya. Gaskiya ne, zai fito da ɗan tsawo ta gefe ɗaya kamar ƙwai, domin bambancin tsukewar nan halittar itace ce, zafi ba ya goge ta. Shi ya sa kaurin da aka bari da ferewa ta biyu ke nan daram. Ribar ita ce jiran watanni ya koma na kwana ɗaya zuwa 'yan kwanaki, kuma ga mai sayar da ƙananan kaya wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Iyakar dabarar a fili take. Gungume mai kauri ba zai ɗumama daidai ba ko da ya shiga tandar, don haka masu sassaƙa turmi daga ƙirya ba su da abin ɗauka a nan sai fahimtar dalilin tsaga. Wannan fahimtar kuwa ta shafe mu ƙwarai, domin iskar hunturu a Kano ko Zinder tana busar da bayan itace da saurin da masassaƙin Ingila bai taɓa gani ba, kuma inuwa da rufe bakin gungume su ne maganin tsagar. Akwai kuma abin da ko mai maikurowef ba zai tsallake ba: itace na ci gaba da shan danshin iska yana mayarwa muddin yana nan. Akushin da ya fito daga tanda yana buƙatar kwanaki a ɗakin da za a yi aikinsa, nauyinsa ya daidaita da iskar wurin, kafin a mayar da shi kan inji.